Marini da Kofin Ruwan Baba

Shekara arba'in da ɗoriya Dogo Marini ya yi yana rini, bai taɓa auna komai da ma'auni ba. Ramuka uku ya gada wurin mahaifinsa, ya haɗa da rowar sani irin ta tsohon. In ya zuba busasshen baba da toka da kanwa a rami, sai ya yi ta juyawa da muciya kwana da kwanaki, kowace safiya ya tsoma yatsa ya ɗora a harshe. Harshen ne ke gaya masa ko toka ta yi kaɗan, ko ruwa ya nuna. In ya nuna, a tsoma farin yadi ya fito kore shar, iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi, a sake tsomawa a ɗaga, har ya yi duhun da ake so.

Masu zuwa koyo kuwa, matsa da shanya kawai yake ba su. Duk wanda ya kai yatsa bakin rami ya sha tsawa. Ɗaya bayan ɗaya suka gaji, suka koma rini da hodar kanti, wanda ake gamawa kafin shayi ya huce.

Bara ya yi zazzaɓin mako biyu. Ya miƙe garau, amma ɗanɗano ya tafi bai dawo ba: gishiri da sukari duk ɗaya a bakinsa. Bai gaya wa kowa ba, ya ci gaba da lasar yatsa yana gyaɗa kai kamar da gaske. Ramin farko ya cika masa toka, yadi ya fito fari-fari kamar an wanke shi da ruwan bula. Na biyu ya rage tokar, ruwan ya ruɓe, har teloli na makwabta suka yi ta toshe hanci suna tsaki. Takaici ya ishe shi, ya rasa wanda zai yi wa faɗa sai muciya.

Saura rami ɗaya, kuma buhun baban da ya rage ke ciki. In ya lalace, babu rini sai wata shekara, in ma akwai sauran masu jiransa.

Ran nan da hantsi ya shigo gida da kofi a rufe, ya tarar da matarsa tana tsince shinkafa. Ya dire kofin gabanta, yana kallon bango.

"Ɗan taɓa wannan ki ji."

"Mene ne, Malam? Magani?"

"Ruwan rami ne. Bakina ya daina ji."

"Ai na sani. Wata nawa ba ka ce miyata ta yi gishiri ba?"

Ta tsoma yatsa ta lasa, ta yamutsa fuska.

"To, yaya?" Har ya durƙusa, abin da bai taɓa yi a gabanta ba. "Ya nuna, ko da saura?"

"Akwai ɗaci. Akwai santsi kuma, kamar sabulu."

"Ɗacin ya yi yawa ne, ko daidai?"

"Daidai da me? Yaya mai kyaun yake?"

Ya buɗe baki zai faɗa mata. Abin yana nan a kansa sarai, ya san shi fiye da sunan kakansa, amma ya laluba ya rasa kalma ko ɗaya. Ya ce kamar kaza, ya ce a'a, ba haka ba.

Ta goge yatsa a gefen zane, ta tura masa kofinsa.

"To wa za mu tambaya, Malam? Kai kaɗai ka taɓa lasar mai kyaun."