Tsaf-tsaf da Motar Mijin Yaya

Duk layin babu mai kiransa da sunan yanka. Tsaf-tsaf ake ce masa, domin da kalmar yake sallamar kowane mai mota: "Ka dawo ƙarfe huɗu, za ka same ta tsaf-tsaf." Shekara goma sha tara ya yi yana tuƙi a wani kamfani. Da kamfanin ya rufe, sai ya kama wata rumfa mai cin mota ɗaya a bayan shagon mai faci, ya ja tiyo, ya sayi injin zuƙar ƙura da na goge fenti, ya buɗe sana'a.

In kana son ganin ɓacin ransa, ce masa mai wankin mota. Shi kwance kujeru yake yi ya fitar da su, ya dirje kafet, ya bi ramukan iska da buroshin haƙori, ya goge fenti har sai mutum ya ga fuskarsa a jikin ƙofa. Abin da ya tsinta ƙarƙashin kujera, biro ne ko ɗan kunne, ambulan yake sa shi ya ajiye wa mai shi. Mota ɗaya tana cin awa biyar, don haka biyu kawai yake karɓa a yini, kuma sai an kira an kama lokaci. Wanda ya kama lokaci ya ƙi zuwa, ya kashe masa rabin yini ke nan.

Masu yin hakan kuwa ba su da iyaka. Wani ya ce, "Ga ni nan a hanya." Wani ya ce, "Kwana ɗaya ta rage in sha."

"Akwai wanda tun watan jiya yake shan kwanar nan," in ji Tsaf-tsaf ga mai faci. "Allah ya sa ba rami ya faɗa ba."

Yakan yi faɗansa shi kaɗai, ya zubar da ruwan sabulun da ya haɗa, ya haƙura. Wanda ya ƙure shi ɗan gida ne, mijin yayarsa, wanda kowa ke kira Manaja. Yayar nan ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, shi ya sa ko kallon banza bai taɓa yi wa mijinta ba. Sau biyu Manaja yana kama lokaci yana saɓawa, ko waya babu. A karo na uku yaransa ne suka zubar da madara a kujerar baya ta jif, rana ta dafa ta, motar ta ɗauki wari.

"Ƙanena, Asabar zan kawo ta da sassafe. Ka ware mata yinin duka."

"Yallaɓai, ko za a bari Lahadi? Ranar Asabar ɗin Lauya za ta yi muhawara a makaranta. Zagayen ƙarshe ne."

Lauya ita ce babbar 'yar Tsaf-tsaf, bakinta ne ya ja mata sunan. Sati uku tana tsayawa a tsakar gida tana gwada jawabinta, uban na riƙe mata agogo.

"Lahadi ina da baƙi," in ji Manaja. "Muhawara ai ba ta ƙarewa, za ta yi wata."

Tsaf-tsaf ya amince. Ya ba yarinyar haƙuri, matarsa ta yi masa kallon da ya fi faɗa ciwo.

Ranar Asabar tun kafin bakwai ya share rumfa, ya haɗa sabulu, ya jera sifanonin kwance kujera a kan tsumma. Wani mai tasi ya leƙo yana roƙo a taimaka masa, ya ce wurin na wani ne. Takwas ta yi, tara ta wuce. Ƙarfe goma ya kira.

"Ga ni nan, ƙanena, wanka kawai zan yi."

Sha ɗaya wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Sha biyu a kashe take. Kumfar bokiti ta kwanta, rana ta shigo rumfar har kan bencin da yake zaune. Wajen ƙarfe ɗaya ya kira Yaya.

"Au, bai gaya maka ba? Ai tun hantsi abokansa suka ɗauke shi, sun tafi duba wani fili."

Ko rumfar bai rufe ba, ya ce wa mai faci ya sa ido, ya hau babur. Da ya isa makarantar ya tarar ana tattara kujeru. Lauya ta zo ta biyu. Tana tsaye kusa da uwarta da takardar yabo a naɗe a hannu, ta dubi rigar aikinsa a bushe ƙamas, babu ko ɗigon ruwa.

"Bai zo ba ko, Baba?"

"Bai zo ba."

"Ba komai," ta ce, ta juya tana gyara jaka.

Washegari ya samo katako da fenti ya rubuta da hannunsa: wanda ya wuce lokacinsa da rabin awa, a ba wani. Wanda ya saɓa sau biyu bai yi waya ba, kada ya sake kira. Ya kafa a jikin ginshiƙin rumfa.

"Har da Manaja?" matarsa ta tambaya.

"Don wa kike jin na ɓata fenti?"

Ranar Alhamis da hantsi yana cikin aikin ƙaramar motar wata tsohuwar malamar makaranta, kujerunta na jingine a bango, sai ga jif ta tsaya a bakin rumfa, gilasai duk a sauke. Warin ya riga mai ita isowa.

"Ƙanena, fitar da wannan akwalar ka sa tawa. Da yamma zan ɗauki baƙi."

Tsaf-tsaf ya ajiye buroshi ya miƙe.

"Yallaɓai, mai wannan motar ƙarfe takwas ta ce, takwas saura biyar ta zo, da sandarta. Ba zan taɓa motarka ba, yau ko gobe."

"Kai, wankin mota ne fa, ba tiyata ba!"

"To ai masu wankin suna nan bakin titi, minti ashirin sun gama. Ni na zauna a kan bencin nan daga bakwai har ɗaya kamar wanda aka ba gadi. Waya tana aljihunka. Kalma huɗu ce, ba zan zo ba. Da ka faɗe ta da na ga 'yata a kan dandamali. Kai in an ce taro ƙarfe tara a ofis, sha biyu kake zuwa? Ko lokacin masu tebur ne kawai lokaci?"

Mai faci ya daina buga taya. Manaja ya dubi allon, ya dubi mutanen da suka fara tsayawa, ya ce, "Lallai ka girma," ya ja motarsa.

Kafin azahar Yaya ta kira. "Ni za ka kunyata? Mijina za ka tsayar a titi kana yi masa karatu?"

"Yaya, ki yi haƙuri. Amma ki tambaye shi inda yake ranar Asabar, ki kuma tambayi Lauya inda nake."

Ta kashe wayar. Sati shida ba ta neme shi ba, abokan Manaja biyu da ke kawo motoci su ma suka ɗauke ƙafa. Abin ya dame shi, har ya rame, amma allon bai sauka ba.

A wurin masu wankin bakin titi kuwa aka kwarara wa kujerun jif ɗin Manaja ruwa aka rufe gilashi, warin madara ya haɗu da na ruma. Ran nan sai ga kiran Yaya, babu ko gaisuwa.

"Ni ban taɓa saɓa maka ba. Wace rana ce babu kowa?"

"Talata, ƙarfe takwas."

Ita ta tuƙo motar da kanta, da hanci a toshe. Ta zauna a benci tana kallonsa yana kwance kujeru, yana ciro soson da ya yi baƙi, yana durƙuso yana miƙewa. Da aka yi awa uku, sai ta tambaye shi.

"Ashe haka aikin yake?"

"Haka yake, Yaya."

"Yarinyar ta ce wata mai zuwa suna da wata muhawarar. Ka rufe rumfar nan ka je, ko motar wa aka kawo."

Manaja har yau in sun haɗu a gidan Yaya sama-sama yake amsa gaisuwa. Tsaf-tsaf yana gaishe shi yadda ya saba, ya nemi wuri ya zauna.