Ranar da Aka Ƙwace Kyamarar Yayata a Sabon Gari

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a a Samaru, na kamu da son kallon fina-finan dillalan ƙwaya. Irin waɗanda za ka ga saurayi ya taso a unguwar talakawa a wani babban birni, ya fara da tsayuwa a bakin kwana, kafin fim ya kai rabi ya sayi mota ya rataya sarƙar zinariya. A ƙarshe dai kashe shi ake yi, amma ni wannan ɓangaren bai taɓa shiga kaina ba. Har tafiyarsu nake kwaikwaya a hanyar zuwa aji, ni da ko sigari ban taɓa sawa a baki ba.

Da aka ba mu aikin haɗa gajeren fim, sai na rubuta labarin dillali, na kuma ba kaina rawar dillalin. Abokina ne zai riƙe kyamara. Haifaffen Sabon Gari ne, iyayensa 'yan Kudu, Hausa ce a bakinsa tsaf, sai dai idan ya tsorata yakan koma Turancin Burokin.

Kyamarar ta yayata ce. Hoton biki take ɗauka a Hanwa, da shi take ciyar da 'ya'yanta biyu. Sai da na yi kwana uku ina roƙo kafin ta ba ni ranar Alhamis. Ta ce, "Akwai hotunan bikin mutane a katin kyamarar nan, ban juye su ba tukuna. Kada ka taɓa komai. Kuma Asabar ina da aiki."

Abokina ya ce mu ɗauka a bayan ɗakinmu na Samaru. Na ƙi. Na ce ina son wuri na gaske. Ya ce ya san wani lungu a Sabon Gari, bayan masu sayar da kayan mota, amma ba wurin wasa ba ne. Na ce ai shi nake nema.

Bayan la'asar muka isa. Na ƙulla fulawa a ƙananan ledoji, na rataya sarƙar da na saya a kasuwa, na jingina da bango ina taunar cingam. Mun yi ɗauka biyu, muna cikin ta uku, sai na ga abokina ya sauke kyamara a hankali. Samari uku ne suka tsaya a bayansa. Ɗaya ya miƙa hannu ya zare ta daga wuyansa.

"Wa ya aiko ku?"

Na ce fim muke yi, ɗalibai ne mu. Wanda ya zare kyamarar ya tsinke leda ɗaya, ya shinshina, ya watsa mini fulawar a riga. Ya ce satin da ya wuce aka yi kame a nan, yau kuma ga masu kyamara. Abokina yana ta ba da haƙuri da Burokin, babu mai sauraronsa.

"Ku dawo gobe da hantsi. Oga zai gani. In kun zo da wani, ku kuka sani."

A bas ɗin komawa Samaru ban san lokacin da muka wuce Palladan ba. Waya ta yi ƙara, yayata ce. Na ɗauka na ce aiki yana tafiya lafiya lau. Ta ce, "To ka kula mini da ita." Na ce to.

Na yi tunanin zuwa wajen 'yan sanda. Abokina ya ce ni a Samaru nake kwana, shi kuwa gidansu titi biyu ne daga lungun, ga iyayensa, ga shagon babansa. Na yi tunanin gaya wa yayata gaskiya, na kasa. Abincin yamma ma ban iya ci ba.

Washegari na isa gidan su abokina da wuri. Ashe ya riga ya gaya wa mahaifiyarsa. Abinci take sayarwa a bakin titi tun kafin a haife mu. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Kai ne ɗan fim ɗin?" Na sunkuyar da kai. Ta bar wa makwabciyarta tukunya, ta gyara ɗaurin zane, ta ce mu wuce. Na ce mata an ce kada mu zo da kowa. Ta ce, "Ni ba kowa ba ce a unguwar nan."

Duk hanya ina zana Ogan a kaina: ƙato, da baƙin tabarau, da bindiga a kan tebur. Wanda muka tarar wani siririn mutum ne a kan benci, cikin singileti da silifas, yana tari yana shan koko a leda. Kyamarar tana kan cinyarsa. Da ya ga mahaifiyar abokina sai ya ɗan russuna.

"Mama, ina kwana. Yaranki ne?"

"Wannan nawa ne. Wancan kuma wawa ne, amma ba ɗan hukuma ba ne."

Ya ce in zauna kusa da shi in kunna masa. Na zauna a gefen bencin na kunna. Ya kalle ni a allon ina jingine da bango ina taunar cingam, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Wa ya ce maka haka ake yi? Mai wannan sarƙar ai ko wuni ɗaya ba zai yi a nan ba."

Na fara jin sauƙi. Sai ya ce in tsayar. Ya ɗora yatsa a kusurwar allon, can bayana. Wata mata ce da hijabi da goyo, tana karɓar ƙaramar kwalbar kayan maye daga hannun ɗaya daga cikin samarin nan. Ni ban ma lura da ita ba lokacin ɗauka. Fuskarta ta fito tas. Tana ƙoƙarin cusa kwalbar a cikin zanen goyon, hannunta yana karkarwa, sai da ta gwada sau biyu.

Dariyar ta ɓace daga fuskarsa. Ya ce, "Ni kowa ya san ni, babu abin da hotonka zai ƙara mini. Wannan fa? Matar aure ce. Ka kai makaranta, a sa a waya, ya kai ga mijinta. Ka san abin da zai biyo baya?"

Ya zare katin ya riƙe tsakanin yatsu biyu zai karya. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na ce, "Oga, don Allah. Hotunan bikin mutane ne a ciki. Abincin yayata ne." Ya dube ni, ya dubi Mama. Ta ce, "Bar shi ya goge nasa a gabanka. Amarya ba ta yi maka komai ba."

Can sai ya miƙo katin. Na goge ɗaukar guda uku ɗaya bayan ɗaya. Bai yarda ba, sai da muka bi hotunan bikin nan kaf, daga kamu har kai amarya, yana leƙowa ta kafaɗata ko na ɓoye wani abu. Da muka gama ya ce, "Tashi. Kada in sake ganinka."

A hanya na ce wa Mama ashe mutumin yana da tausayi. Ta tsaya cak. Ta ce, "Tausayi? Shi ya sayar mata. Tsoro yake kada masu saye su daina zuwa." Ta ce ta san shi tun yana talla, ta kuma san 'ya'yan mutane nawa ya lalata.

Da yamma na kai wa yayata kyamararta. Ta duba hotunanta, ta ce yaya fim? Na ce bai yi kyau ba, mun goge. Sai bayan na gama bautar ƙasa na gaya mata, ta yi sati ba ta ɗaukar wayata. Fim ɗin kuwa a bayan ɗakinmu muka ƙarasa shi, muka sami maki daidai na tsallakewa.

Har yanzu nakan kalli irin waɗannan fina-finan jefi-jefi, amma idona ya daina tsayawa a kan jarumin. Bayansa nake dubawa, wajen masu zuwa su karɓa su wuce, waɗanda ba a ba su ko kalma ɗaya ba. Na je lungun nan ina neman wuri na gaske, matar tana taku biyar daga inda nake tsaye, ban gan ta ba sai da mai sayar mata ya nuna mini. Ban san sunanta ba, ban san ko ta daina ba. Goyon nan yanzu ya isa shiga sakandare. Duk lokacin da na ratsa Sabon Gari sai na tuna shi, kuma har yau gabana yakan faɗi.