Tambayoyin Inna a Kan Garin da Ba Ta Taɓa Gani Ba

Raba, bayan sallar asuba

Ko tsintsiya ba a kai ga ɗauka ba a gidana sa'adda munka fito, ni da Sadiku, ɗan Yayana Umaru. Maigidana ya rako mu har tasha yana ta nanata abin da kowa ya sani, wai kada la'asar ta same mu a hanya. Na ce, "Malam, ni anka haifa Giyawa, ba kai ba." Sadiku na biye da mu da jakarsa a baya, dogo kamar ubansa, yana kewaye awakin da ke kwance tsakiyar titi.

Yaya Umaru ya tafi karatu Amurka tun ina budurwa. Aiki ya riƙe shi, ya yi aure can, can kuma Allah ya karɓi abinsa bara. Sadiku ne ɗansa tilo, sau ɗaya aka taɓa zuwa da shi gida yana rarrafe. Hausarsa ta uban ce sak, sai dai harshen kan karye. In ya ce, "Mi kinka ce, Gwaggo?" sai gabana ya faɗi, don muryar Yaya nake ji.

Giyawa za mu, wurin Inna, uwarmu. Muna zaune kan benci muna jiran mota ta cika ya fito da abin da ke cinsa.

"Gwaggo, ranar da Baba ya rasu kin ba Inna waya. Ina kuka. Ba ta ce komi ba kan Baba. Wai sanyi ya sauka garinku? Tun ina yaro ban taɓa jin ta ambaci sunanai ba. In mun je ba ta tambaye ni shi ba, to na gane. In koma, ba ni sake zowa. Ba ni da kowa nan."

"Ni kuma mi ta? Turmin gidanku?"

Ya yi murmushin dole. Na yi masa bayani iyakar iyawata: ubansa ɗan fari ne, uwa kuwa a wurinmu ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta tambayar lafiyarsa gaban mutane, ba ta yi masa kuka a gani. Kunya ce.

"Ko ya mutu?"

"Ko ya mutu."

Ya girgiza kai. Haushinsa ya kama ni, tausayinsa ya fi. Tsoro kuma na ji, don na san Inna, ba za ta sauya halinta don wani ya zo da jirgi ba.

Hanyar Acida

Motar ƙarama ce, an cusa mu ciki kamar kayan wanki, ga ƙafar Sadiku ba wurin sa ta. A shingen sojoji aka leƙo, aka dube mu, aka ɗaga hannu. An yanke gero, dawa kuwa na tsaye tana jiran lokacinta. Wani ɗan kasuwar albasa da ke gefensa ya ji karyewar harshen, nan da nan ya kama shi da hira.

"Samari, Amurka wane gari?"

Sadiku ya ce nasu ba birni ba ne, ba kuma ƙauye ba. Gunduma ce a bayan wani babban birni inda ake ƙera motoci, a jihar Mishigan. Mutane na kwana nan, su tafi aiki birni. Ya ce tun ba a gina ko ɗaki ɗaya ba masu awon ƙasa sunka zo sunka yanka ta kusurwa huɗu, mil shida kowane gefe, shi ya sa titunansu suke miƙe sambal, ba kwana.

Direba ya waiwayo. "Ba kwana? To ina direba ka nuna gwanintatai?"

"Kai dai dubi gabanka," in ji ni, "ga rami can yana jiran gwanintakka."

Aka kwashe da dariya, har Sadiku. A Acida munka sauka da hantsi, munka sha kunu da ƙosai a tsaye, munka shiga wata motar.

Wurno

A Wurno munka yada zango gidan Baffa Sani, ƙanen mahaifinmu. Shi ya riƙi Yaya tun daga yaye har ya gama makaranta, kamar yadda akan ba da ɗan fari. Ya tsufa ƙwarai, idon ma ya yi rauni. Da Sadiku ya durƙusa gabansa sai ya shafa fuskarsa da hannu biyu, ya ce, "Umaru na wanga, ba wani ba." Shi ya yi kukan da ko ranar da labarin rasuwar ya zo ban ga kowa ya yi ba, ni ma na taya shi.

Bayan azahar da tuwon shinkafa, Baffa ya dafa kafaɗar Sadiku, munka taka har bakin tudu inda ake hango fadama shimfiɗe, shinkafa ta yi kore shar har gulbi. Ya nuna masa inda Yaya ke zuwa kamun kifi a ɓoye, da inda ya sha bulala saboda haka. Sadiku ya ce ashe shi ya sa Baba ke son wani ɗan rafi a garinsu, kullum Lahadi sai sun je sun tsaya bakinsa.

Na ga dama ta samu, na ce, "Baffa, gaya mashi yadda Inna ka zowa nan."

Baffa ya yi dariya. "Takan zo da hura cikin ƙwarya ta aje, ba ta cewa ta wa ta. Ta zauna ta bi ni da tambaya. Rijiyar gidan ga ba ta ƙahe ba? Zaure ba shi yoyo? Sauro bai yi yawa ba bana? Yaron kuwa zaure shika kwana. Shina wucewa ta gabanta, ta kau da kai."

Sadiku ya saurara, amma na ga maganar ba ta shige shi ba. Da munka juyo ya ce mini a hankali, "Da ta kira shi ta rungume shi, da ya fi." A raina ni ma na taɓa faɗin haka. A Wurno munka kwana.

Goronyo

Washegari da sassafe munka kama hanyar Goronyo. Shinge biyu, na sojoji da na 'yan sa-kai, ba wanda ya tsare mu. A kasuwa na sa shi ya sayi goro, sabulu da turmin atamfa, na ce ba a zuwa wurin tsohuwa hannu sake. Ya ƙara da kankana ƙatuwa wadda ba wanda ya aike shi, mai babur ya ɗaure ta a tanki yana gunaguni.

Daga nan babura biyu munka hau. Hanyar Giyawa rairayi ce da kwazazzabai, jakuna na tafe da dammunan gero, sai an yi ta ƙaho kafin su matsa. A wani wuri ruwa ya ci hanya, dole munka sauka munka naɗe tufafi munka ƙetare.

Giyawa

Mun sami Inna ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida tana ɓarar wake. Ta ɗago ta dube shi daga ƙafa har kai, hannunta ya tsaya cikin faifai. Sannan ta saki wasan kaka da jika.

"Wanga shi na mijin nawa? Dogo ba nama! Can ba su ba ka abinci?"

Aka kawo ruwa, aka kawo fura. Maƙwabta sunka shigo sunka yi masa gaisuwar rashi ɗaya bayan ɗaya, Inna na gefe tana ɓararta kamar ba da ita ake ba. Da gida ya rage mu uku, ta tura masa faifan.

"Taya ni, maigida. Ka ba ni labarin garin ga naku. Wa ya fara zama wurin?"

Ya amsa a daƙile. Ya ce da can daji ne da fadamu, akwai mutanen asali masu farauta da su, aka tashe su da ƙarfi, baƙi sunka zauna.

"Allah shi isam masu," in ji Inna. "Baƙin mi sunka yi da wurin?"

Sun sare itace, sun haƙa lambatu sun janye ruwa, sun shuka masara da alkama. Wani ya kafa injin niƙa bakin rafi, gari ya fara daga nan. Da masana'antun mota sunka bunƙasa a birni, ma'aikata sunka fito neman fili, manoma sunka riƙa sayar da gonaki ana gina gidaje, har noman ya kusa ƙarewa.

"Rahin nan, gabas da gari shike ko yamma?"

"Ta tsakiya ya ratsa, ya yi kudu."

"Ƙasar ja ta ko baƙa?"

"Baƙa, mai laushi."

"Ƙasa mai kyau," ta ce. Ta fasa kwanson wake, ta daɗe tana kallonsa. "To, wurin da aka kai mutane in kwanansu ya ƙare, kusa da rahin shike?"

Sadiku ya ɗago kai. Ya dube ni, na sunkuyar da nawa.

"A'a," ya ce, muryar ta sauka. "Kan tudu shike, arewa da gari. Da gonar tuffa ta. Musulmi sun sayi gefe guda."

"Ruwa ba shi kwanciya wurin?"

"Ba shi kwanciya, Inna."

"Da itace?"

"Da akwai. Manya, tun na masu gonar."

Ta gyaɗa kai. Ta tattara ɓawon wake ta zuba gefe, ta sake tattara shi, alhali ba abin tattarawa. Sannan ta yi tambayar da na tabbata ita ta hana ta barci shekara guda, idonta na kan faifai.

"An ce mani can in sanyi ya sauka ƙasa ka daskarewa awa dutse, ko gatari ba shi kama ta. Wanda ya cika cikin sanyi fa? Ana samun a gina mashi da zurhi, yadda ya kamata?"

Sadiku ya ajiye waken da ke hannunsa. Ya ce, "Ranan nan a waya, da kinka tambaye ni sanyi..." bai ƙarasa ba. Ya matso har gwiwarsa ta taɓa tabarmarta.

"Ana samu, Inna. Da inji aka ginawa, ba ruwanai da sanyi. An gina da zurhi. Mutane sun cika masallaci, sun bi mu har tudun, dusar ƙanƙara na zuba ba wanda ya koma. Ni na shiga ciki da kaina. Ni na kwantar da shi kan damanai, na kwance ɗaurin, na gyara mashi kai."

Inna ba ta dube shi ba. Ta danne leɓenta da gefen mayafi.

"Madalla da garin ga," ta ce. "Garin mutanen kirki na."

Shi ya fashe da kuka, ya kifa kai kan ƙafarta. Ta ɗora hannu bisa kansa tana shafawa, tana cewa, "Kai, ji mani miji, ƙato da kai," ruwa na bin kuncinta tana share shi wai ƙurar wake ce. Ni na tashi na shige madafa, na tsaya gaban murhun da ba wuta.

Kwana biyu munka yi. Ta fitar masa da tarihin garinsu kaf, har sunan rafin sai da ta sa ya maimaita mata ta riƙe, ko da yake yadda take faɗinsa ko masu rafin ba za su gane ba. Sunan Yaya kuwa bai fito bakinta ba ko sau ɗaya. Sadiku bai sake jiran ya fito ba.

Komawa

Mun taso da hantsi, babur zuwa Goronyo, mota zuwa Acida, wata zuwa Raba, munka shiga gida kafin la'asar, Malam na tsaye ƙofa yana duban hanya. Na gode wa Allah da ya kai mu ya maido mu lafiya, na gode wa Baffa Sani da iyalinsa, da masu baburan da sunka yi haƙuri da mu da kankanarmu. A mota Sadiku ya tambaye ni wane wata ake cire albasa, wai yana so zuwansa na gaba ya dace da shi.

Abin da ban faɗa ba shi ne rabuwarsu. Inna ba ta rakiya, amma ranar ta tako har bakin zaure da sandarta. Ta ba shi ƙullin wake, ta juya fuska wajen katanga.

"In ka koma, ka gaishe mani da mutanen garin. Dukkansu. Har na kan tudu."

"Ni kai gaisuwa, Inna. In tsaya kanai in gaya mashi ke kinka aiko ni."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Har munka sha kwana tana nan tsaye, ba ta ce a'a ba.