Durƙuson da Na Yi wa Kawu a Kan Ƙanƙara

Wata 'yar ajinmu ce ta jawo min. 'Yar Ma'adi ce, unguwar masu kuɗi a nan Alƙahira, kuma duk hutun tsakiyar shekara iyayenta sai sun kwashe su zuwa duwatsun Turai, inda masu hali ke wasan zamiya a kan ƙanƙara. Ta dawo da hotuna cike da waya: ga ta a saman dutse fari fat, dogayen alluna biyu ɗaure a ƙafa, sanda a kowane hannu. Na ce abin ya burge ni. Ta dube ni da tausayi ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ku ai jikinku bai san sanyi ba." Maganar ta tsaya min a rai.

Can bayan gari akwai wani katafaren kanti da aka gina tudun ƙanƙara a cikinsa. Ba dutsen Turai ba ne, amma sanyinsa ba na wasa ba ne. Daga unguwar Faisal, inda nake zaune gidan kawuna, ƙaramar motar haya, maikrobas, ke kai ni duk ranar da ba mu da lacca. Kuma ban iya ba ko kaɗan. Mai koya mana, wata Bamisriya mai gajen haƙuri, kullum maganarta ɗaya: "Lanƙwasa gwiwa! Yalla, yi ƙasa!" Ni kuwa tsoro ya sa nake sandarewa kamar taɓarya, in ɗan gusa in zube.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, ya daɗe a Alƙahira, kuma a hannunsa Baba ya damƙa ni. Ranar da ya ga jiƙaƙƙiyar safar hannu a kan igiya ya tambaya, na gaya masa gaskiya.

"Karatu aka turo ki ko tsalle-tsalle?" in ji shi. "Yau zamiya, gobe ki wuce babba ba gaisuwa. Da haka tarbiyya ke zubewa. In na ƙara ji, babanki zan kira, ki tattara ki koma Katsina."

Na san zai aikata, kuma na san Baba ba ya musu da shi. Raina ya ɓaci matuƙa. Ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba, hijabina yana nan a cikin rigar sanyi, to me na zubar? Da sati ya zagayo na shirya, na gaya wa matarsa inda za ni, na fita.

Ina tsaye a saman ƙaramin tudun 'yan koyo, na haɗe bakin allunan don kada su tafi da ni, sai na ji an ce, "Ke!" Kawu ne a ƙasa, bakin shinge. Ya ɗora rigar sanyin haya a kan kaftani, hularsa tana nan a kai.

Ban yi shawara da kowa ba, jikina ne ya yi abin da ya saba tun ina ƙarama: na durƙusa. Ashe da ka durƙusa allunan nan sai su miƙe. Suka kwashe ni. Iska ta cika min kunne, ina jin malamar tana ihu, "Tamam! Haka nake so!" Ban faɗi ba. Na sauko sumul, gudun ya mutu a kan shimfiɗaɗɗen wuri, na tsaya dab da ƙafafunsa, har yanzu a durƙushe.

"Kawu, ina wuni?"

Haƙoransa sai kaɗawa suke. Can ya ce, "Cire waɗannan abubuwa. Khalas, shi ke nan, yau zan kira babanki."

Na ɗaga kai. "To, Kawu, kira shi. Sai dai ka gaya masa a yadda na iso gabanka."

Ya ciro wayar. Ya dube ta, ya dube ni, ya daɗe yana kallon tudun da na sauko. Sannan ya mayar da ita aljihu.

"Lafiya lau," ya amsa gaisuwata a ƙarshe, kamar an matse shi. "In kin gama ki same ni a waje. Sanyin nan zai kashe ni."

Na miƙe na koma saman tudun. Na daidaita alluna, na lanƙwasa gwiwa, kuma wannan karon ba don kowa na durƙusa ba.