Ramin Gyado da Rigar Juma'ar Baba

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, gyado ya addabi gonar rogonmu a fadamar Badarawa. Ba ma cin namansa, ko sunansa manya ba sa son kamawa, sai su ce mugun dawa. Saboda shi Baba ya sayo kare wurin wasu Buzaye, dogo, siririn ciki, ja kamar garwashi. Ni da na ƙoshi da littattafan soyayya na kasuwar Shinkafi, kallon jarumi nake masa. Baba kuwa bai taɓa shafa shi ba. Kaskonsa daban, iyakarsa zaure.

Wata Juma'a da hantsi na kai wa Baba fura gona. Ya riga ya sa farar rigarsa, daga nan zai wuce masallaci, sai karen ya ɗauki sawu har bakin wani rami.

Baba ya miƙo mini igiya. "Riƙe shi da kyau, ɗiyata. Gyado da baya yake shiga rami, haurensa na kallon ƙofa. Bari in ɗauko mashi a bukka."

Na ce to. Sai dai akwai littafi a ƙugun zanena, na tsaya daidai inda saurayi zai buɗe wasiƙa. Na maƙale igiyar a ɗan yatsa, na buɗe shafi.

Fizga ɗaya karen ya yi. Na ga wutsiyarsa ta shige ramin, na ji wani gurnani, sai ga shi an watso shi waje. Gyadon ya fito ya yi daji. Cikin karen a farke, hanji a ƙasa yana motsi.

Baba ya iso bai dube ni ba. Ya durƙusa, ya kwarara ruwan butarsa a kan hanjin, ya mayar da shi da hannunsa, karen na lasar masa wuyan hannu. Ya ɗinke da basillar buhu, ya tuɓe farar rigar ya naɗe shi, ya saɓa a kafaɗa.

Haka muka ratsa gari, mutane na tafiya masallaci. Wani abokin wasansa ya ce, "Malam, yau da wanga za a yi sahu?"

"Ka kama mini wuri," in ji Baba, "shi ma kusa da kai zai tsaya."

Ya wanke hannu sau bakwai, na farko da ƙasa. Juma'ar ta wuce shi.

Kwana tara ina kai wa karen kunu, ina kallon ɗinkin. Ran na goma ya miƙe, yana tafiya a karkace. Da na je ɗaukar kaskon, na tarar da littafina a gefe, Baba ya tsinto shi daga gona, ya sa karan dawa daidai shafin da na tsaya. Har yau ban san abin da wasiƙar ta ce ba.