Gizagon da Na Kulle a Gilashi

Ni mutum ne mai son kowane abu ya zauna wurinsa. Na yi aikin tsaron sito a wata ma'aikata nan Dogon Dutsi har na aje aiki, kuma a zamanina ba a taɓa ganin buhun siminti cikin jeren buhunan taki ba. Haka nake a gida: buta da wurinta, takalmi da nasa. Saboda haka labarin nan ma bi da bi zan kawo shi, kada kowa ya gaggauta ni.

Farko dai gizagon. Gidanmu gidan sassaƙa ne. Kakanmu masassaƙi ne, mahaifina ma haka. Ni aka kai lakkwal, sassaƙar ta tsaya mini rabi, bokon ma ban kai shi nesa ba. Da mahaifina ya rasu, gizagon kaka ya faɗo hannuna don ni ne babba. Ƙarfensa baƙi ne mai dabbare-dabbare, wanda maƙeran wajen Lugu suka narka daga tama tun ba a san ƙarfen mota ba. Washi ya cinye bakinsa har ya koma guntu. Ƙotar ta yi santsi, inda babban yatsa ke zama ya lotsa.

Na biyu, al'adar. Duk ɗiyar gidanmu da za ta yi aure ana sassaƙa mata turmi. Kowane gizago na iya yin sauran aikin, amma ƙugun turmin, wato inda yake tsukewa a saman gindi, da gizagon kaka ake fitar da shi. Haka aka yi wa gwaggona, haka aka yi wa 'yan'uwana mata. Matata ma da ta zo gidan, mahaifina ya yi mata nata, wai kada ta ji kunya cikin dangi.

Na uku, baƙon. Wani mutum ne daga Yamai, mai yawo yana neman tsoffin kaya don gidan ajiye kayan tarihi. Maƙwabcina ya kawo shi. A lokacin gizagon yana rataye a zaure tare da lauje. Mutumin ya karɓe shi da hannu biyu kamar an miƙa masa jariri, ya juya shi, ya ce irin wannan ƙarfe ya kusa ƙarewa a ƙasar nan, kada a sake wasa shi, kada a sake sara da shi, don kowane washi yana tafiya da abin da ba zai dawo ba. Ya nemi in ba su. Na hana. Amma maganarsa ta shige ni, domin magana ce mai tsari.

Na sa kafinta ya yi mini akwati mai fuskar gilashi da ɗan kwado. Na shimfiɗa farin ƙyalle, na kwantar da gizagon, na kulle, na ɗaura makullin a mazagin wandona. Na tara mutanen gida na faɗa musu doka: ba a taɓawa, ba a jingina, kallo daga waje. Ranar Juma'a ni da kaina nake buɗewa in shafa masa mai.

Matata ta dube ni ta ce, "To maigida, furar fa? Da safe za a riƙa kai masa ko sai ya yi barcin rana?"

Ba kowace magana ake amsawa ba.

Aka yi shekaru haka lafiya lau, har aka sa ranar auren babbar ɗiyata. Matata ta tayar da zancen turmi. Na ce ba wuya: ɗan gwaggona yana Tibiri, sassaƙa ce sana'arsa, ya yi mata turmi da nasa gizagon, ƙugu da komai. Matata ta ce ba haka ake yi ba. Na ce da ba haka ake yi ba, yanzu haka za a yi.

Yarinyar ta jira sai da ta kawo mini ruwan alwala. Ta aje butar daidai wurinta, don ta san ni, sannan ta ce, "Baba, turmin Inna da gizagon aka yi shi. Na su Gwaggo ma. Nawa ne zai fara fita ba shi?"

Na ce mata turmi turmi ne, hatsi bai san wanda ya sassaƙa shi ba. Ta ce to, ta tafi. Na yi alwalar, amma sau biyu na wanke hannun dama don na manta inda na tsaya, abin da ba halina ba ne.

Yanzu sai ɗan gwaggon nawa, don daga nan abin ya ɓaci. Shi ɗan mace ne, ni ɗan namiji, wato taubasai muke. A wasan, shi bawana ne, ni ubangidansa. Duk watan cika-ciki yakan zo da tsintsiya ya share mini ƙofar ɗaki, ni kuma in ba shi ladan shararsa. Kuma duk abin da taubashi ya yi maka a wannan rana, in ka yi fushi kai ne abin dariya har jikokinka. A shekarar, cika-ciki ya faɗo kafin bikin.

Ranar sharar da hantsi na ji babur ɗan kabu-kabu ya tsaya ƙofar gida. Ya shigo da wata guntuwar tsintsiya da ko akuya ba za ta ci ba.

"Ina ubangidan nawa marowaci? Ga bawa ya zo shara!"

"Ka makara," na ce. "An share tun da safe. Bawan kirki da asuba yake zuwa."

"Bawan da ake ba abinci ke nan. Dube ni, duk ƙashi. Kai kuwa tumbi kamar rumbu."

Ya fara kaɗa tsintsiyar, yana tayar da ƙasa inda babu datti. Daga ƙofar ɗaki ya zarce ciki. Ban damu ba, don akwatin yana can ƙurya bisa tebur. Abin da ban lura ba shi ne a ranar teburin ya matso kusa da ƙofa. Tebur ba ya tafiya da kansa. Matata ta ce wai goge bango ta yi. Har yau ban karɓi wannan bayani ba.

Sai ga shi ya fito rungume da akwatin gaba ɗaya.

"Mi ke nan?" na ce.

"Shara. Tsintsiyata ta taɓa shi."

"Aje shi in ba ka ladanka."

"Bana ba ni son lada, ka riƙe abinka. Wanga tarkace ya ishe ni."

Na miƙe. Maƙwabta sun riga sun leƙo ta katanga, matata ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Na ji fushi ya taso mini har wuya, na haɗiye shi, na ma buɗe haƙora don a ce na yi dariya. Na tuna abu guda da ya kwantar mini da rai.

"Tafi da shi," na ce. "Makulli yana wurina."

Ya hau bayan babur, ya ɗora akwatin a cinya. "To ka kawo makullin Tibiri gobe. In ba ka zo ba, ina da makullina." Ya nuna wani dutse a bakin hanya.

Kashegari na shiga motar Tibiri. Duk ramin da muka faɗa sai in tuna ta nan akwatin ya bi a kan babur.

Na tarar da shi a rumfarsa ta bayan gida. Gwaggona, mahaifiyarsa, tana zaune a tabarma, ta tsufa ƙwarai amma idonta garau. Akwatin yana kan wani kifaffen turmi, gilashi bai fashe ba. A gabansa an aje ƙwarya cike da fura.

"Uwargidanka ta aiko cewa bai karya kumallo ba," in ji ɗan gwaggon.

Na gaida gwaggo yadda ya kamata, na tambayi jiki, na tambayi gida, sannan na duba abin da ke tsakiyar rumfar. Guntun kirya ne, daga wata da iska ta kayar a gonarsu. Ya riga ya fere shi, ya yashe cikinsa, ya gyara baki. Ƙugun kawai ya bari. Turmin yana tsaye sambal kamar ganga.

Na yi musu bayani a tsare. Na faɗi abin da baƙon Yamai ya ce, na ce ƙarfen ya yi siriri, kirya kuwa itace ne mai taurin kai, in bakin ya karye babu maƙerin da zai mayar da shi.

"Ba abin da zai same shi," in ji ɗan gwaggon. "Na rantse da furar nan. Ƙarfen tama ne hwa, ba gwangwani ba."

Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, ubana ne ya bar shi. Ban taɓa ganin ya sa shi a gilashi ba. In ka mayar da shi gida ba wanda zai hana ka, naka ne. Amma kai za ka gaya wa yarinyar, ba mu ba."

Na riga na gaya wa yarinyar sau ɗaya, na kuma ga yadda ta ce to. Ban so in sake gani ba.

Na ce na yarda, bisa sharaɗi. Ba za a wasa shi ba. Ni zan yi saran, ba wannan bawa mai hannu kamar guduma ba. Kuma in na ce an tsaya, an tsaya.

Sharaɗin farko bai kai ko'ina ba. Na kwantar da turmin, na take shi da ƙafa, na kai sara, gizagon ya yi tsalle ya dawo kamar na bugi taya. Shekarun shan mai sun sa shi ƙyalli, ba su sa shi kaifi ba. Ɗan gwaggon ya turo mini dutsen washi da ƙafa, yana kallon sama yana fito. Na zuba ruwa, na goga a hankali. Baƙin ruwan da ke gangarowa daga dutsen, na san ƙarfen kaka ne ke tafiya. Na ji shi a jikina.

Amma da na sake kai sara, sai ya ci. Ɓawon kirya ja ya fita a naɗe, ƙamshinsa ya tashi. Babban yatsana ya faɗa cikin lotsawar nan daidai, kamar da ni aka auna. Na sara, na juya turmin, na sara. Ƙarar ba irin ta sababbin gizago ba ce, gajeruwa ce mai nauyi. Gwaggo ta rufe ido tana gyaɗa kai. Ban san lokacin da na cire babbar riga ba. Sharaɗi na uku ma ban tuna da shi ba, don ban so a tsaya ba.

Saura kaɗan in haɗe zagayen, bakin ya sami wani ƙulli a cikin itacen. Na ji ƙas!

Na ɗaga gizagon. Gefen bakinsa ya ɓalle, kamar rabin farcen ƙaramin yatsa. Ɓallin yana nan cake cikin ƙugun turmin, baƙi a cikin ja.

Na juya wajen wanda ya rantse da fura. Ya riga ya koma bayan uwarsa, ƙato da furfura, ya tsuguna.

"Inna, ki shaida, ba ni na sara ba."

"Kai ka ce ba gwangwani ba ne!"

"To ai gwangwani lanƙwashewa yake, wanga karyewa ya yi. Ban yi ƙarya ba."

Na nemi a ba ni awartaki in zare ɓallin in kai shi akwati, ko shi in tsira da shi. Gwaggo ta miƙa hannu ta shafa wurin. Ta ce ya shige sosai, ba zai yanki kowa ba, kuma waje yake, ba ya taɓa hatsi. Ta ce in bar shi.

Na zauna. Abin da na ji tsoro ya riga ya faru, ga kuma turmi da ƙugu saura kaɗan. Aikin da aka fara ba a barinsa haka, wannan ko a sito ban yarda da shi ba. Na tashi na ƙarasa. Bakin mai giɓi yana barin ɗan siririn layi a kowane sara, sai na bi zagayen gaba ɗaya na daidaita, don kada gefe ɗaya ya yi layi ɗaya babu. Furar kuwa ni na shanye ta, don ni na yi aiki.

Muka ɗaure turmin a saman mota, akwatin a cinyata. Da muka sauke a gida, yarinyar ta fito ta tsuguna, ta bi ƙugun da yatsa har ta kai kan ɓallin. Na gaya mata abin da ya faru, ban rage komai ba. Ta daɗe tana shafa shi.

"Baba," ta ce, "wannan ko an are shi gidan biki an haɗa da turmi goma, ba mai ce mini nasa ne."

Matata ta buɗe baki za ta yi magana, na ce mata zancen tebur bai mutu ba tukuna. Ta rufe.

Gizagon ya koma akwatinsa da giɓinsa, ina shafa masa mai ranar Juma'a kamar da. Makullin ne na cire daga mazagi na rataye a ƙusa kusa da shi. Dokar yanzu ita ce yana fitowa don ƙugun turmin ɗiyar gida, ba don gyaran ƙotar kowa ba. Ina da sauran 'yan mata biyu. Na duba abin da ya rage na ƙarfen, zai kai su in an wasa da hankali. Bayansu, masu zuwa su yi shawara da abin da suka tarar.

Ɗakin kuwa, da an ce an ga watan cika-ciki nake sa masa kwado. Bara bawan ya zo ya tarar da shi a kulle, ya share tsakar gida, ya tafi da butata.