Zoben da Aka Ce a Miƙa wa Auta

Ummata tela ce, amma idan kana neman shagonta kada ka ce tela, don teloli sun yi yawa a layinmu. Ka ce mai cire zobe. Nan take za a nuna maka ƙofar da ke manne da ta mai gyaran waya. Keke biyu ne a ciki, nata da nawa, sai teburin yanka, da benci, da madubi mai tsaga a gefe. Ita ke yanka da ɗinki, ni ke sa maɓalli da guga da shan faɗa.

Duk wadda zobe ya maƙale wa a yatsa, bayan ta gama da sabulu da mai da kuka, wurin Umma take ƙarewa. Umma za ta sa ta ɗaga hannu sama, ta tsoma mata shi a ruwan sanyi, sannan ta tura zare ta ƙarƙashin zoben da gindin allura. Sai ta naɗe yatsan tam da zaren, layi kan layi, har ya wuce gaɓa. Daga nan ta kama bakin zaren na ƙasa tana warwarewa a hankali, zoben yana biyo shi har ya fito. Aikin hannu biyu ne, ɗaya na riƙe, ɗaya na ja. Tana yi tana mita: "Wa ya aike ki? Kin ga ya matse, kika tura." Amma ba ta yarda a yanka. A wurinta zoben da aka yanka ya zama waya.

Ita kanta ban taɓa ganinta da zobe ba. Almakashi ya yi wa yatsunta kanta, gaɓoɓin sun yi kauri.

Umma ba ta da ƙyashi a kan kowa. Maƙwabciya ta sayi sabon keke, ita ce ta fara zuwa taya murna. Mutum ɗaya ce tak take tsone mata ido, wato ƙanwarta, wadda har mu 'ya'ya muke kira Auta. Umma ce ta goye ta, ita ta yi mata kitso, ita ta ɗinka mata kayan makaranta. Amma a wurin kakata, wadda suke kira Inna, Auta ce 'yar gaban goshi. Da Inna ta kwanta ciwon da bai tashe ta ba, a ɗakinmu ta kwanta. Umma ke yi mata wanka, ke juya ta, ke wanke zannuwa. Auta kan zo da lemo a leda tana ƙamshin turare, ta zauna ɗan jim, sai ka ga fuskar tsohuwa ta washe kamar an kawo mata lafiya.

Inna tana da zobe na azurfa, marar ado, gefe ɗaya ya suɗe saboda daɗewa. Da hannunta ya kumbura, Umma ce ta cire mata shi da zare. Ina tsaye. Zoben yana tafin Umma, da ɗuminsa, Inna ta buɗe ido ta ce, "Miƙa wa Auta."

Ta miƙa. Amma tun daga ranar, idan Auta ta shigo, Umma ba ta kallon fuskarta sai ta fara kallon hannunta. Ni ma abin ya tsaya mini a rai, ba zan ɓoye ba. Wanda ya wanke zani daban, wanda ya sa zobe daban.

Shekaru suka wuce. Wata safiya mijin Auta ya sauke ta a ƙofar shago, cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun hau, hannunta na dama a naɗe da ɗankwali. Da ta warware, yatsan ya yi suntum, naman ya kusa binne zoben, kansa ya fara canza launi.

"Yaya," ta ce, idonta cike da ƙwalla, "mai shagon magani ya ce sai dai a yanka. Don Allah kada a yanka zoben Inna."

Umma ta dubi yatsan, ta mayar da kai kan keke, ta ci gaba da ɗinke bakin wata riga. Ƙarar keken nan ta cika shagon. Na san abin da take yi: so take Auta ta ɗan tsaya a gabanta tana jira, ko sau ɗaya a rayuwa. Raina ya ɓaci.

"Umma, yatsan fa yana yin baƙi."

Ta yi ƙwafa, ta tsinke zare da haƙori, ta taso. Da ta kama hannun kuma, sai ta koma mai cire zoben da kowa ya sani. Ta ɗaga, ta tsoma, ta naɗe. Auta na cije leɓe, Umma na cewa, "Yi haƙuri, 'yar Inna, saura kaɗan." Kalmar nan da zafi ta fito. Zoben ya tsallake gaɓa, ya faɗo a tafin Umma karo na biyu.

Auta ta sauke ajiyar zuciya tana murza yatsa. "Ajiye mini shi, Yaya, sai na haihu hannun ya saɓe."

"Ai dama ni ce ma'ajiya," in ji Umma, ta jefa shi a gwangwanin maɓallai.

Bai yini a gwangwanin ba. Ina guga na hango ta a madubi ta ɗiga man keke a yatsa, tana tura zoben, tana yamutsa fuska. Ya tsaya a gaɓa, ta danna shi da ƙarfi har ya wuce.

"Umma, wa zai cire miki? Ba a yi da hannu ɗaya."

"Wa ya ce miki zai fita?"

Watannin da suka biyo baya ban taɓa ganin Umma da walwala irin tasu ba. Idan tana auna mace, hannun zoben ne a sama. Idan tana yanka, sai ta tsaya ta goge shi da ƙyalle. Ya matse ta, wani lokacin na gan ta tana yarfe hannu, amma ko a jikinta. Ni kuwa ina bayanta ɗari bisa ɗari.

Auta ta haihu lafiya. Da ta yi ƙwari ta zo shago da jaririyar a kafaɗa. Aka gaisa, aka yi wa yarinya wasa, sannan Auta ta ce, "Yaya, ajiyata."

Umma ta miƙa hannu ba tare da ta ɗago kai ba. "Ga shi nan. Ya ƙi fita."

Auta ta dubi yatsan, ta dubi zarurrukan da ke jere a bango kala-kala. Na zaci za a yi rigima, har na gyara tsayuwa. Sai ta yi 'yar dariya, irin ta Inna sak.

"Bar shi, Yaya. Na ba ki. Ke kika yi jinyarta, ke ya dace da shi."

Na ɗauka Umma za ta yi murna. Sai na ga fuskarta ta canza, kamar an watsa mata ruwa.

"Kin ba ni," ta maimaita a hankali. Ta juyo wurina. "Ɗauko zare. Na san kin iya, ina ganinki kina leƙe."

"Umma, ta ce ta bar miki."

"Ɗauko zare na ce."

Na tura zaren da gindin allura. Gaɓar nan mai kauri ta ƙi ba da hanya, sai da fatar ta saɓule, jini ya ɗan tsatso. Umma ba ta janye hannun ba. Da zoben ya fito, ta goge shi da gefen zaninta, ta sa a tafin Auta, ta dunƙule mata yatsu a kai.

"Riƙe abinki. Ba a hannunki na so in karɓa ba."

Auta ta janye hannunta. Ta saɓa 'yarta, ta yi mana sallama a sanyaye, ta fita.

Umma ta koma kan keke ta ɗora ƙafa, amma ba ta taka ba. Tana ta shafa shatin da zoben ya bari. Ina tattara zaren da ya zube na ji ta ce, ba da ni take ba, "Ina riƙe da shi fa. A hannuna yake. Da sai Inna ta ce in riƙe shi."

Shatin ya daɗe kafin ya ɓace. Da ya ɓace ma, ba ta daina shafa wurin ba.